Teburin Baba da Ƙafarsa Mai Rawa

Ni dai tun ina yaro ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. A gidanmu na Pitowa, lokacin cirar auduga, Kaka Dudu, mahaifiyar babana, takan tara mu gefen murhu bayan sallar isha tana gasa mana gyaɗa. Sauran yara su natsu, ni kuwa ina tsokanar wuta da kara, ina tambayar ƙarshen tatsuniya tun ba a kai tsakiyarta ba. Sai ta maka mini mafici ta ce, "Sali, ƙaya ce a tabarmar taka? To ga tatsuniyar nan tafe, wanda ya tashi ta wuce shi."

Akwai wadda ta fi maimaitawa, ta wani masassaƙi da uwarsa ta tsufa har gwiwoyinta suka daina kai ta tabarma. Ya sassaƙa mata kujera mai ƙafa huɗu, ya ajiye a tsakar gida, sai ta yi rawa. Ya rage ƙafa ɗaya, ta sake rawa. Ya rage wata, ya koma ya rage ta farko, yana gumi yana zagin iccen, har kujera ta koma kamar faifai. A nan Kaka takan sassauta murya ta zama tsohuwar: "Ɗana, da ka tambayi ƙasar tukuna." Mu kwashe da dariya. Ni labarin wawa na ɗauke shi, ban ma tsaya jin sauran ba.

Bara ciwon baya ya kama Baba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a tsugune gaban babura, likita ya hana shi sunkuyo. Na dawo da shi gidana a Garwa, ya zauna yana kallon bango, abinci ma sai an yi da gaske. Abin ya hana ni sakat. Na sayo katako mai kauri, na shafe shi da baƙin mai saboda gara, na haɗa teburin aiki a garejina daidai ƙugunsa, don ya yi gyara a tsaye.

Na buga ƙusa ta ƙarshe, na dafa, sai tebur ya yi rawa. Raina ya ɓaci. Na zagaya shi, na sake zagayawa, na kifar da shi na ɗauko zarto. Na san in ya gajarce ko kaɗan Baba sai ya sunkuya, aikin ya tashi a banza, amma hannuna ƙaiƙayi yake. Haƙoran zarton sun riga sun kama katako lokacin da muryar Kaka ta faɗo mini.

Na ajiye zarto, na ɗauko buta na tsiyaya ruwa a daɓen simintin garejin. Ruwan ya miƙe zuwa ƙofa. Ashe magini ya karkatar da daɓen ne saboda ruwan damina. Na mayar da tebur kan ƙafafunsa, na yanko guntun tsohuwar taya na saƙa a ƙarƙashin ƙafar da ba ta taɓa ƙasa.

Baba ya zo ya dafa da hannu biyu, ya jijjiga, tebur ko gezau. "Boɗɗum," in ji shi, wato ya yi kyau, sannan ya ce a ɗauko masa sifanoninsa. Da na ba shi labarin masassaƙin, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce ai saboda shi Kaka ta ƙirƙiro tatsuniyar, tun kafin a haife ni.

Har yau ban iya zama wuri ɗaya ba, kuma ban ce zan iya ba. Amma tabon zarton yana nan a ƙafar teburin, kuma duk ranar da wani abu ya ƙi daidaita a gidana, nakan tsaya in dube shi kafin in rage wa kowa ƙafa.