Muryar Inna a Bakin Kawu

Jiya a tashar Gaya na ji wata mai kifi tana in'ina, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Ɗan wasan kwaikwayo ne a zamanin Nasara. Idan ya zuba maka ido yana motsa leɓe, to muryarka yake ɗauka. Ranar wani biki a filin lakwal, wato makarantar boko, a gaban kumandan, baturen mulki, ya ɗaura zani ya kwaikwayi in'inar Inna, ƙanwarsa, har da rawar haɓarta. Jama'a suka kece da dariya. Inna ta ja hannuna muka bar filin.

A gida ta ce masa, "Ya-yaya, don me?"

Ya ce, "Sake faɗa, ban kama ƙarshen ba."

Daga ranar ba ta ƙara ciniki da baki ba, sai nuni da yatsa.

Da tari ya cinye masa murya, ya koma rubuta labarai. Littafinsa na fari ma ita ce a ciki. Ta rasu ba ta sani ba, don na ƙi karanta mata.

Allah ya gafarta masa. Ita kuma Allah ya sake mata harshe a Aljanna.