Matakalar Mainasara da Sawun Matan Wurno

Mainasara taubashina ne, ɗan kawuna. In kun ji ina zagi nai kada ku sa baki, wasan gado ne. Mutum ne dogo siriri, mai kunnuwa awa marufin tukunya, fensir kullum maƙale a ɗaya daga ciki. Bayan yaƙin Bama da shekara biyu anka ɗauke shi makarantar sana'a a Sakkwato. Shekara ukku shina koyon kafinta, sannan wani Bature da suke kira Mai Lofe ya ware shi da mutum huɗu, ya ƙara musu shekara guda a kan abu ɗaya tak: matakalar katako mai murɗawa, irin ta gidajen bariki.

Ranar da ya dawo Wurno na tarbe shi da guɗa, sannan na tambaye shi, "To malam, mi ka koyo?"

Ya ce matakala. Na yi dariya har na zauna ƙasa. Matakala! A garin da in kana son hawa soro sai ka jingina tsani, ko ka taka kafaɗar ƙaninka. Wata shida ba wanda ya kira shi ko gyaran turmi. Ga shi Mai Lofe ya samo mai aiki a Kaduna, in kaka ta yi zai tafi. Mahaifiyatai, Inna Hauwa'u, shi kaɗai gare ta tun rasuwar kawu. Ba ta taɓa ce mai kada ya tafi ba, amma ta bar cin abinci sosai, kuma wallahi ni abin shina cin raina.

Ana nan sai Maigandi, babban mai fataucin albasa, ya gina bene a cikin gidansa, don ya sha iska ya kuma shanya albasa a sama. Ya kira Mainasara ya ce in aikin ya yi kyau, akwai abokinai a Goronyo da wani a Rabah da suke jira su gani. Ka ji inda maganar take ke nan: matakalar ta yi, ya zauna gida; ta ƙi, sai Kaduna.

Kai, ya yi aiki, gaskiya ba a ƙin faɗinta ko a kan taubashi. Jakuna takwas sunka kawo itacen maɗaci daga wajen garin Maikujera. Ya yanka, ya jingina a inuwa har ya bushe, don ɗanyen katako in ya tsotse sai ya bar baki buɗe. Bai buga ƙusa ko ɗaya ba. Rami yake sarawa da kurfi, ya fiƙe bakin ɗan'uwan, katako ya ciji katako. Ya dasa gungume a tsakiya, matakan sunka bi shi suna juyawa. Ya goge da ganyen ɓaure mai kaushi, ya shafe da mai har kana ganin haƙoranka a ciki. Kowane mataki sai ya aza rula ya duba littafin Mai Lofe, inci bai wuce inci ba.

Ranar buɗewa Maigandi ya tara manyan unguwa. Sunka tattare riguna sunka hau, sunka sauko, ana ta "Tubarkalla!" Mainasara sai washe baki yake. Sai Maigandi ya ce a kawo wa baƙi fura sama. Ni ce nike taya matan gidan aiki ranar, ni anka aza wa ƙwarya.

Na ɗaga ƙafa, zane ya riƙe ni. Matakin ya yi tsawo, sai na kwance zane ko na ɗage shi har gwiwa, gaban maza! Na daure na bi a karkace, awa kaguwa. Ina kaiwa inda take murɗawa, azarar da ke sama ta daki ƙwaryar. Fura ta bi ta kaina, ta gangara matakan, ta tsaya a kan takalmin liman.

Ni kuwa raina ya ɓaci, na juyo da fura tana ɗiga a hancina.

"Kai mai kunnuwa! Baturen naka wando yaka sawa, kuma ka taɓa ganin shi da kaya bisa kai? Wa zai kai tuwo sama, wa zai kai albasa? Liman?"

Liman ne ya fara dariya, sannan kowa ya fashe, banda Mainasara. Maigandi ya ce mai a hankali, "Ɗana, ta yi kyau, amma rabin gidana ba su iya hawa." Da na ga fuskar taubashina sai na yi da-na-sanin buɗe baki.

Washegari da hantsi ya zo gidanmu, ba littafi a hannu. Ya ce, "Mairo, ke kika kashe ni, ke za ki tashe ni." Matsalar ita ce ba ya yiwuwa namiji ya tsuguna ya auna ƙafar matan mutane, sai a fasa mai kai. Sai ya nemi dabara. Ya share hanyar rijiya, ya baza yashi mai laima, ya koma gefe ya yi kamar shina gyaran darni. Mata sunka wuce da tuluna, shi kuwa ya bi sawun da karan dawa shina aunawa: na budurwa, na mai goyo, na tsohuwa. Ya ɗauki mafi gajarta. Ni kuma ya jera mani tubala a bayan gida ina takawa da zanena ɗaure, shina rage tsawo har na ce ya yi. Sannan ya aza mani ƙwarya ukku bisa kai ya auna, ina zagi nai shina rubutawa.

Ya kwance matakalar kaf, da yake ba ƙusa ba abin da ya tsage. Mataki goma sha ɗaya ya koma goma sha bakwai. Ya sa magina sunka ɗaga azarar kamu guda, ya ƙara sandar dafawa daidai hannun tsohuwa. Kwana arba'in ya ƙara, gero ya riga ya fara nuna.

Ranar gwaji ta biyu Maigandi ya ce a kira ni. Mainasara ya ce a'a, innatai za ta fara hawa. Jama'a sunka yi ta kallon juna, don Inna Hauwa'u ko dokin ƙofa sai ta dafa bango take tsallakewa. Ta zo da sandarta, ta miƙa mani ita, ta ce, "Aza mani ƙwaryar furar."

Ta yi bisimilla ta taka. Ɗaya, biyu, ukku. Ba ta taɓa zanenta ba, ba ta dubi ƙasa ba. Ta juya kwanar nan da ta kunyata ni, ƙwarya ta wuce ba ta ko girgiza ba. Da ta kai sama na saki guɗar da sai da awakin Maigandi sunka tsinke igiya. Mutumin Goronyo, da ya zo kallo, tun a nan ya riƙe hannun rigar Mainasara ya ƙi saki.

Inna ta sauke ƙwaryar ta tsaya tana duban garin, har fadamar albasa da bakin gulbi. Shekara saba'in tana Wurno ba ta taɓa ganin ta daga sama ba. Mainasara ya hau ya durƙusa gabanta, ya ce, "Inna, ba ni zuwa Kaduna."

Ba ta dube shi ba. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To miƙo mani ludayi, yunwa nike ji."