Motar Baba a Ƙofar Gidan Goggo

Jiya wata mota ta tafasa a gabana cikin cunkoson Kasuwar Muda Lawal. Warin ruwan lagireto mai tsatsa ya bugi hancina, sai na tuna tsohuwar motar Baba.

Motar nan takan je Jos ta dawo lafiya lau. Amma duk Juma'ar da Baba ya kai mu gaida Goggo, yayarsa, a Fadaman Mada, sai motar ta yi zafi a ƙofar gidan. Ku sani, a lokacin su biyun ba sa shiri, mu yara ba mu san dalili ba. Shi ba ya shiga. Yakan zauna a mota inji na aiki, wai yanzu za mu fito. Kafin mu gama cin ɗanwaken Goggo, tururi ya turnuƙe gaban motar. Dole ya sauko ya aika a karɓo ruwa. Goggo da kanta take kawo bokitin, har da tabarma. Yakan zauna a zaure har inji ya huce, suna hira sama-sama, ba mai kallon wani.

Kan kowa ya ɗaure. Inna ta ce hannu aka sa wa motar. Kaka ta ce alhakin zumunci ne. An wanke lagireto, an sauya tiyo, har addu'a an tofa. Ni kuwa na ɗauka motar tsoron unguwar take ji.

Da bazara ta tsananta, Baba ya kai ta wurin wani bakanike ɗan kudu kusa da barikin Shadawanka, ina biye. Mutumin ya bar inji yana aiki, ya tsuguna yana kallo.

"Alhaji, fanka ba ya juyawa," in ji shi. "Waya ya ƙone. In kana gudu, iska yana sanyaya inji. In ka tsaya, babu."

Ya ja sabuwar waya, ya sa fis, fanka ta ɗauka da ƙugi. Baba ya yi ta godiya.

Juma'ar da ta biyo, motar ba ta yi zafi ba. Baba bai sauko ba. Na ga Goggo ta leƙo zaure da bokiti a hannu, ta ɗan tsaya, sannan ta juye ruwan a gindin dalbejiya ta koma ciki.

Yau motata takan kunna mini fitila ta nuna abin da ke damunta. Baba da Goggo duk sun rasu, ban samu wanda ya gaya mini abin da ya raba su ba. Har gobe na kasa sanin ko gyara aka yi mana ranar nan, ko ɓarna.