Malam Isuhu da Ya Zauna Kusa da Tokata

Ina tsakar gida a Dogarawa, ina zuba ruwa a kan tokar karan gero, ɗiyata Rakiya ta kira ni a waya. Ko sallama ta kasa yi. Da ƙyar ta ce malaminsu na jami'a, Malam Isuhu, ya faɗi a masallaci bayan azahar, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Sai da na yi jikoki na koyi rubutu, hannuna ba ya sauri. Amma wannan ba zan bar wani ya rubuta mini ba.

Shekarar da Rakiya ta fara aiki a ɗakin gwajinsa, ta zo hutu da hijabi duk ƙananan huji, kamar tartsatsin wuta ya zubo masa. Ta ce ruwan asid ne. Na ce ta gama zuwa, domin abin da ya ci yadi zai ci ƙirji. Ta gaya masa. Shi ɗan Tajaye ne, hanyar garinsu ta bi ta garinmu, sai ya sauka daga mota a hanyarsa ta zuwa gida, ya yi sallama a ƙofarmu.

Ya same ni ina tace toka. Ya ƙi tabarmar baƙi, ya jawo turmi ya zauna, ya tambaye ni abin da nake nema a cikin abin da kowa ke sharewa. Na ce ruwan toka na miya. Sai ya nuna mini wata 'yar kwalba a rufe, cike da baƙaƙen tsakuwoyi kamar ƙwayar dawa. Ya ce da su matatar fetur ke gyara mai, idan sun gaji a zubar, su ɓata ƙasa, alhali akwai ƙarafa masu daraja irin su nikel a jikinsu. Su kuma a ɗakin gwajinsa suna jiƙa su a ruwa mai tsami, su sa wayoyin wutar kuran, wato lantarki, ƙarfen ya narke ya shiga ruwan, sannan su tattara shi.

"Inna," in ji shi, "ba zan ce miki babu haɗari ba. Amma duk wanda ya shigo mini ba safar hannu ba takunkumi, gida zai koma, ko ɗiyar wa ce."

Na bar ta ta koma, shi kuma ya cika alkawari. Ya taɓa korar Rakiya har mako guda saboda ta cire safa don ta yi sauri. Ta kira ni tana kuka, ni kuwa ranar hankalina ya kwanta.

Da labarin rasuwar ya bazu, maƙwabta suka ce ƙurar tsakuwoyin nan ce ta kashe shi. Tsoron ya dawo mini sabo. A wurin ta'aziyya matarsa ta ce ya daɗe yana fama da hawan jini, irin na mahaifinsa. A hanyar dawowa Rakiya ta tambaye ni ko ta zauna gida. Bakina ya so ya ce zauna. Na tuna mutumin da ya zauna a kan turmina ya ƙi yi mini ƙarya.

Na ce, "Koma, ɗiyata. Ki sa safarki, tunda yanzu babu mai korarki."

Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ya raya su. Ya kuma tsare 'ya'yan mutane da ya bari a ɗakin nan. Amin.