Masani Ya Gutsure Sunayen Takardu

A makarantar kowa Masani yake ce masa, shi kuwa har yau bai gane zagi ba ne. Ƙanin matar shugaban makarantar ne. Kwas ɗin kwamfuta na mako shida ya yi, ya dawo da tabarau marar magani da kebul rataye a wuya kamar carbi. Mijin yayarsa ya ba shi tebur kusa da taga, ya naɗa shi mai kula da na'urori. Na'urorin kuwa kwamfuta ɗaya ce, sai firinta mai tauna takarda.

Mai buga takardun ofishin, wadda ake kira Anti, shekararta goma sha tara a kujerar. Ba ta taɓa ɓatar da takarda ba, domin kowace sai ta raɗa mata suna cikakke: "Sakamakon aji uku zango na biyu, wanda aka gyara bayan kuskuren malamin lissafi." Masani yakan leƙo ta kafaɗarta ya yi tsaki, ya ce wannan ai wasiƙa ce, ba suna ba.

Da kwamfutar ta fara nishi tana tsayawa, ya yanke hukunci sai an goge ta an sake mata tsari. Ya kawo faifan CD zai kwashe takardun a kai. Yana cikin aikin wani gargaɗi ya fito a fuskar kwamfutar, cewa sunayen sun yi tsawo, za a gajarta su. Anti ta sa tabarau za ta karanta, ya riga ta dannawa.

"Me ta ce?" in ji ta.

"Gaisuwa ce kawai, Anti. Ki bar wa masu aiki aikinsu."

Ko buɗe faifan bai yi ba ya duba, ya goge komai da ke cikin kwamfutar.

Ranar Litinin wani kafinta ya zo neman sakamakon 'yarsa. Aka sa faifai. SAKAMA1, SAKAMA2, SAKAMA3, haka suka jeru har ɗari uku da wani abu, kamar an aske musu kai rana ɗaya. Masani kuwa, da yake tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ya gyara tabarau ya ce ai a ƙasashen da suka ci gaba lamba ake amfani da ita.

Kafintan ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, ni da nake yanka katako ma sai na auna sau biyu."

Shugaba da ke tsaye a wurin ya kau da kai, ya san wurin yayar Masani zai koma cin abinci.

Mako uku Anti ta yi tana buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya tana mayar musu da suna. Sannan ta je wurin mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, ya nuna mata yadda ake ɗaure jakar takardu a ƙunshi guda kafin a ɗora a faifai, da inda ake zaɓar tsarin da ke karɓar dogon suna. Minti biyar bai ɗauke shi ba.

Tana dawowa ta sa wa kwamfutar kalmar sirri, ta hana Masani. Yana nan a teburinsa yana kaɗa ƙafa, duk baƙon da ya shigo sai ya gaya masa shi ya ba da umarnin a kulle ta, saboda tsaro.