'Yar Tsanar Ƙanwata

Shekarun baya, lokacin da soja ba su daɗe da miƙa mulki ba, muna zaune a wani gidan haya a Agege. Ni da mijina muna ɗakin ƙarshe, mahaifiyata da ƙanwata suna na bakin ƙofa.

Ƙanwar nan tawa ta gagari kowa. Shekararta sha shida, kullum da safe ta sa kayan makaranta ta fita, ashe gefen layin dogo take zuwa ta zauna wurin masu sayar da kaset. Ka yi mata faɗa da Hausa ta amsa da Yarbanci, ka koma Yarbanci ta tsura wa bango ido. Inna ta yi duka, ta yi kuka, har ta gaji. Ƙarshe ta ce da an yi Babbar Sallah za ta tura ta ƙauye wurin goggonmu, garin da yarinyar ba ta taɓa takawa ba. Har jakar tafiya ta saya ta ɗora a kan kwaba, kowa na gani.

Ana cikin haka na ji labarin wata tsohuwar nas da ta buɗe wurin reno a Oko-Oba, inda mata masu sarin nama ke ajiye 'ya'yansu. Tana ɗaukar 'yan matan da suka bar makaranta tana koya musu aikin. Ni na ja ƙanwata na kai ta, ba don na sa rai ba, don dai ta bar zaman layin dogo kafin Sallah.

Ran nan sai ga ta da ƙatuwar 'yar tsana ta roba, wai an ba ta ta riƙa gwaji a gida. Kai, mun yi dariya har da riƙe ciki. Inna ta ce, "Goɗai-goɗai da ke! Reno har sai an koya? Ni wa ya koya mini na goye ku?" Ni kuwa da bakina mai kaifi na tambaye ta yaushe za a yi suna. Ba ta kula mu ba. Sai ka gan ta a tsakar gida tana juya 'yar tsanar, ta kwantar ta tayar, tana 'yan maganganu ƙasa-ƙasa.

Wata ranar Asabar da la'asar ɗana na fari, bai daɗe da fara tafiya ba, yana kwance a tabarma da zazzaɓi, ina gefensa ina tsintar shinkafa. Ba zato ba tsammani na ga jikinsa ya sandare, idanu sun kafe sama, sai jijjiga. Innalillahi! Ni da ko sunansa ba na faɗa saboda kunyar ɗan fari, ranar na kwarara sunan nan har bakin titi. Bayan ihun ban tsinana komai ba, hannu kawai na ɗora a ka.

Gida ya cika. Inna ta rarumo cokali za ta cusa masa a baki, kada ya tauna harshensa. Iya matar mai gidan, Bayarabiya ce mai ƙaunarmu, ta fito a guje da kwalba tana cewa, "Giri ne! Giri ne!" Haka suke kiran jijjigar yara. Abin da ke cikin kwalbar jiƙo ne da fitsarin saniya, kuma mijina ne ma ya kawo mata fitsarin daga mayanka da ta roƙe shi. Duk unguwar an yarda da shi.

Ban ga shigowar ƙanwata ba. Ƙarar cokali kawai na ji a kan siminti. Ta kaɓe shi daga hannun Inna! Uwar da ta haife ta, a gaban mutane!

"Inna, matsa! Ba a sa masa komai a baki!"

 Inna ta saki baki. Yarinyar ta durƙusa ta juya shi ya kwanta a gefensa, ta cire masa riga, ta ture turmi da tiren shinkafa daga kusa da kansa. Sai da na ga hannunta na gane: daidai yadda take juya 'yar tsanar nan.

Iya ta matso da kwalbarta. Ƙanwata ta tare ta da kafaɗa, ta ce mata da Yarbanci, "Mama, ki yi haƙuri, ki zage ni daga baya. In ya shaƙe da wannan babu mai dawo da shi." Sannan ta juyo kaina. "Yaya, daina kukan nan, je ki tsayar da okada."

Na tafi neman ɗan acaɓa. Ni, babbar yayarta, ko takalmi babu.

Kafin mu isa asibiti jijjigar ta lafa. Abin da nas ɗin asibitin ta fara tambaya shi ne ko mun ɗura masa wani abu. Da na ce a'a sai ta sake tambaya, kamar ba ta yarda ba. Ta ce waɗanda aka ɗura wa jiƙon nan su ne suke ba su wahala, wasu ma ba sa farfaɗowa. 

Da aka sallame mu, tsorona ya koma kan ƙanwata. Na san halin Inna, ban ga yadda za ta yafe cokalin nan ba. Jaka kuma tana nan a kan kwaba. Yarinyar ta rakuɓe a ɗaki, ta tabbatar tata ta ƙare.

Washegari Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta aika a kira Iya da sauran matan. Sannan ta ɗaga murya ba tare da ta dubi ƙofar ɗakin ba: "Ke! Ɗauko mini 'yar nan taki."

Ta kawo. Inna ta karɓi 'yar tsana ta ɗora a cinya, ta ce, "To, nuna mana. Ta wane gefen?"

 Mun shafe shekaru muna faɗa wa yarinyar nan abin da ba ta iya ba, tsohuwar nas ɗin can ta miƙa mata 'ya'yan mutane ta ce riƙe, kuma ta riƙe. Yanzu wurin renonta ne da ita, ɗan nawa kuwa ya zama magidanci. Jakar tafiyar da aka saya mata ba ta taɓa barin Agege ba. A ciki Inna ta riƙa adana 'yar tsanar, kada ɓera ya taɓa ta.