Baba Kure da Ƙusar Katako

Baba Kure mutumin Yawuri ne. A cikin kwalekwale ya girma, yana kamun kifi tare da mahaifinsa, har ruwa ya daina ciyar da su, ya biyo motar kifi zuwa Abuja. Ya yi dako a kasuwar Zuba, ya yi gadi, kafin Allah ya haɗa shi da Oga Alexander, wani ɗan kwangila mai jirgin shaƙatawa a tafkin Jabi, irin wanda iska ke turawa da ƙaton ƙyalle. Jirgin ba ya iya matsowa gaɓa, sai can ciki ake ɗaure shi. Aikin Baba Kure shi ne kai mutane wurinsa da dawo da su.

Da wani ƙaramin kwalekwale na roba mai tauri yake yin haka, wanda ake ninkewa ya koma kamar ƙyauren ɗaki. Oga ba ya yarda ya kwana a bakin ruwa, a saman mota yake tafiya da shi gida. In za a haɗa shi, sai a ware gefunan biyu da ƙarfi, a cusa benci a tsakani, a kulle shi da ƙusar ƙarfe. Bencin nan ne ke hana kwalekwalen rufewa.

Ni na san Baba Kure bayan na gama bautar ƙasa, lokacin da Oga ya ɗauke ni gwaji a ofishinsa, da alkawarin zai tabbatar da ni in na yi kyau. Ranar Asabar nakan biyo shi tafki in ɗauki kaya. Baba Kure ya ja ni a jiki. Yakan gasa mini kifi, yana tsokanata.

"Malam Musaddiq, duk digirin nan, amma ka ga ruwa sai ƙafa ta hau rawa?"

"Baba, a Zariya ba su koya mana iyo ba."

"To zauna tsakiya. Muddin ina raye ruwa ba zai ci ka ba."

Wata Asabar ƙusar bencin ta suɓuce masa ta faɗa ruwa. Ya ji tsoron faɗa wa Oga, sai ya fere wata ta katako ya buga. Na ce masa anya kuwa? Ya yi dariya.

"A garinmu katako in ya sha ruwa kumbura yake, ya kama gam. Ƙarfe kuwa tsatsa ke cinye shi."

Gaskiyarsa, a garinsu. Can kwalekwale a ruwa yake kwana. Wannan kuwa Oga ya yi doguwar tafiya, ya bar shi a garejin mota duk tsawon bazara, ƙusar ta bushe ta rame.

Ranar da Oga ya dawo, Baba Kure ne ya haɗa kwalekwalen shi kaɗai, ni ina sauke kulolin abinci, Oga kuwa na can gefe yana waya. Ya kai Oga jirgi, ya dawo ya ɗauki matar Oga, Madam Perpetual, da ni. Rigar ceto ɗaya ce a motar, aka ba Madam. Mun yi nisa, ta juya za ta ɗauki hoto, sai na ji ƙas. Bencin ya zame, gefunan suka haɗe a kan ƙafafuna, muka kife.

Har yanzu in na kwanta ina jin ruwan nan a hancina. Baba Kure ne ya nutsa ya fizge ƙafata, ya ja ni da wuyan riga har gaɓa. Madam kuwa rigarta ta riƙe ta, masunta suka ɗauko ta, suka dawo da Oga.

Ina durƙushe ina amai na ji Oga yana ihu. "Kure! Wane ne ya haɗa wannan abu?"

Baba Kure ya dubi ƙasa. "Oga, yaron ne. Ya ce a bari ya gwada."

Na ɗaga kai. Kafin in miƙe, Oga ya riga ya wuce. Ranar Litinin na yi bayani a ofis, amma Oga ya ce Kure ya daɗe da shi bai taɓa kifar da kowa ba, kuma bai kamata in yi wa wanda ya cece ni ƙazafi ba. Ya ce in je in huta tukuna. Ba a sake kirana ba.

Na sami Baba Kure a bakin ruwa. Bai musa ba.

"Kai kana da takarda, ko'ina za ka shiga. Ni in aka kore ni, 'ya'yana su ci me?"

Na kasa faɗa wa mahaifiyata, don hawan jini ke damunta. Abin da ta sani kawai wani dattijo ya ceto ɗanta, kuma ofis ya rage ma'aikata. Jumma'ar da ta wuce ta yi dambun nama, ta sa na raka ta daga Kubwa har Jabi. Ta durƙusa gabansa tana sa masa albarka, tana cewa ya zama uba a gare ni. Sannan ta juyo.

"Musaddiq, ba ka da baki ne? Yi wa Baba godiya."

Na ce, "Na gode, Baba."

Ya karɓi dambun da hannu biyu, idonsa na kan ruwa.